Tafiyar Dorugu Zuwa Biranen Turai (1855-1856) da Matsayinta a Tarihin Harshen Hausa

1. Gabatarwa

A cikin watan Janairu na shekarar 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen Sudan suka sani da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa. Daga Damargu ya fito, bayan ya ƙetare Sahara da duwatsun Azbin, kuma Tasawa ce babbar alƙarya ta farko ta ƙasar Hausa da ya sa ƙafa a cikinta. Ya zaga gari, ya shiga kasuwa, ya duba abin da ake dafawa da abin da ake sayarwa, ya rubuta sunayensu da Hausa gwargwadon yadda kunnensa ya ji. A cikin abubuwan da ya ambata har da daddawa da soyayyar fara, ya kuma yi sharhi cewa mai cin fara riba biyu yake samu, ga daɗin baki, ga ramuwa a kan wadda ta cinye masa gona.

Shekara huɗu da wata takwas bayan wannan, watau ran 6 ga Satumba 1855, wani saurayi Bahaushe ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida, haifaffen wani ƙauye da ke gabas da Tasawa, ya sauka birnin Landan tare da wannan Abdulkarim ɗin. Shi ma ya duba gari, ya duba mutane, ya lura da abin da suke ci da yadda suke cinsa, sa'an nan ya ba da labarin da harshensa. Sunansa Dorugu.

Labarin Barth ya fito cikin juzu'i biyar, da Jamusanci da Ingilishi, tsakanin 1857 da 1858, ya zama abin dogaro ga masu nazarin tarihin Afirka. Na Dorugu kuwa ba a buga shi cikakke ba sai a 1885, cikin littafin nan mai suna Magana Hausa na J. F. Schön, kuma har yanzu waɗanda suka san shi a ƙasar haihuwarsa ba su da yawa. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun tafiyarsa a biranen Turai, a duba abin da ya tarar a fagen kallo da na abinci, daga nan a nuna dalilin da ya sa wannan labari ya zama shaida mai daraja game da Hausar da ake yi kafin zuwan mulkin mallaka, da kuma irin hattarar da ta wajaba a kan mai karanta shi.

2. Asalinsa da haɗuwarsa da Turawa

An haifi Dorugu wajen shekarar 1839 ko 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, cikin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar ta yau. Sunan mahaifinsa Kwage Adamu, manomi ne, makaɗi kuma. Wannan yanki, tun daga Kance har zuwa garuruwan gundumar Tasawa irin su Korgom da Bawdeta, a wancan zamani yana tsakanin manyan ƙasashe ne masu jayayya da juna. Daga kudu akwai daular Sakkwato, ta fuskar Katsina da Daura da Kano. Daga yamma akwai sarakunan Maraɗi da Gobir, waɗanda suka ƙi miƙa wuya bayan jihadi. Daga gabas kuma ga Damagaram, wadda take bin Barno. Talakan da yake zaune a irin wannan wuri kullum cikin fargabar hari yake kwana. James Richardson, shugaban ayarin da Barth ya zo a cikinsa, ya zauna Zindar a farkon 1851, ya kuwa ga yadda ake fita hari a komo da bayi daga ƙauyukan da ba su da nisa da birnin.

A irin wannan hali aka kama Dorugu, bai wuce shekara goma sha biyu ba. Aka kai shi Zindar, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno. A can ne ya shiga hidimar Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, wanda ake kira Tabib, shi ne kuwa Baturen da ya rabu da Barth kusa da Tasawa ya ziyarci Maraɗi da Gobir a 1851. Overweg ya fanshe shi ya ƴanta shi, shi da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a Maduwari, bakin tafkin Cadi, cikin Satumba 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Barth.

Tare da shi suka tashi daga Kukawa cikin Nuwamba 1852, suka bi ta Zindar da Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka isa Tambutu ran 7 ga Satumba 1853. Bayan zaman watanni a ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmad al-Bakkay suka juyo, suka biyo ta Kano a ƙarshen 1854, suka koma Kukawa. A nan akwai abin lura. Yaron da ya isa Turai ba baƙauye ba ne wanda bai taɓa ganin birni ba. Ya ga fadar Barno, ya ga kasuwar Kurmi, ya ga masallatan Tambutu, ya ji Barbarci da Larabci da Fulatanci da Zabarmanci da harshen Buzaye a bakin masu su. Yana da ma'aunin da zai auna Landan da shi, kuma a ƙasashen Sudan ya samo ma'aunin.

3. Daga Tarabulus zuwa Landan, Hambug da Barlin

Cikin watan Mayu 1855 suka bar Kukawa suka nufi arewa ta hanyar Bilma da Murzuk, ba su isa Tarabulus ba sai ƙarshen Agusta, watau tafiyar fiye da wata uku a kan raƙuma da dawakai. A Tarabulus Dorugu ya fara ganin teku. Kwana huɗu suka yi, suka shiga wani jirgin ruwa mai tafiya da tururi na gwamnatin Turkawa zuwa tsibirin Malta, daga Malta suka shiga wani zuwa Marsai a kudancin Faransa, daga nan suka ratsa Faransa ta Faris, suka ƙetare ruwa zuwa Ingila. Duk wannan bai ɗauke su mako biyu ba. Wanda ya saba auna nisa da zango, ya san adadin kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya, ba abin da zai fara girgiza shi kamar wannan sauri.

Lokacin kuwa ba na zaman lafiya ba ne a Turai. Ingila da Faransa da Turkiyya suna yaƙi da Rasha a Kirimiya, tashoshin Malta da Marsai kuma ta nan ake jigilar soja da kayan yaƙi. Ƴan kwanaki bayan isarsu Landan birnin Sebastopol ya faɗi. A Faris ana cikin babban bajekolin duniya na 1855, wanda aka buɗe tun watan Mayu, amma Barth yana gaggawar kai rahoto ga gwamnatin Ingila wadda ta aike shi, saboda haka ba su tsaya ba. Abin da Dorugu ya samu na Faransa kallon mai wucewa ne.

Landan ce ya zauna ya ƙare wa kallo. Barth ya ƙiyasta mazaunan Kano a kan mutum 30,000, su kai 60,000 lokacin da fatake suka cika gari. Ƙidayar 1851 kuwa ta nuna mutanen Landan sun haura miliyan 2. Birni ne na gidajen bene, da gadoji a kan kogin Tems, da kekunan doki masu ɗaukar fasinja, da fitilun gas a bakin titi, da hayaƙin kwal wanda yake rufe rana. Ba shi da ganuwa mai ƙofofin da ake rufewa da magariba, balle fili na noma a cikinsa irin wanda ke cikin badalar Kano. Cikin Oktoba Barth ya tafi da su Hambug, garin haihuwarsa, inda suka sauka wurin danginsa, suka kuma je Barlin, hedkwatar Farusiya, kafin su komo Ingila.

A waɗannan birane mai kallo shi ma ya zama abin kallo. Ba kasafai ake ganin baƙar fata a Jamus ba a lokacin, kuma ga shi sun zo tare da mutumin da aka riga aka ba da labarin mutuwarsa, sai ga shi ya komo daga Tambutu da rai. An yi hotonsu su biyu, Barth ya sa shi a cikin littafinsa. Abin da ya faru da Abdulkarim a Tasawa da Katsina, inda jama'a suke taruwa su ga Nasara, shi ya faru da yaransa a ƙasarsa.

A farkon 1856 aka shirya mayar da su gida. Sai wani malamin mishan, shi ma Bajamushe, James Frederick Schön, ya shawo kansu suka tsaya wurinsa, abin da ya jawo saɓani mai zafi tsakaninsa da Barth. Schön ya taɓa zuwa Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya wallafa ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, amma bai taɓa shiga ƙasar Hausa ba. Hausarsa a bakin ƴantattun bayi na Saliyo ya koye ta. Samun Bahaushe haifaffe a cikin gidansa, kusa da Chatham a lardin Kent, ba ƙaramar sa'a ba ce gare shi. A wannan gida ne Dorugu ya yi ta faɗa Schön yana rubutawa: tarihin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da labarai.

4. Batun abinci

Wurin da labarin Dorugu ya fi jan hankalin masu karatu shi ne inda ya bayyana liyafar cin abincin dare ta Ingilishi daki-daki, tun daga taruwar baƙi har watsewarsu. Kafin a gane dalilin da ya sa ya tsaya a kan wannan al'amari, sai an jera al'adun biyu kusa da juna.

A gidajen masu hali na Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, baƙi sukan taru a ɗakin hira tukuna. Idan bara ya sanar da cewa abinci ya sauka, sai maigida ya ba macen da ta fi girma a cikin baƙi hannunsa, sauran maza kowa ya riƙe hannun macen da aka zaɓa masa, wadda ba matarsa ba ce, a shiga ɗakin ci bi da bi gwargwadon daraja. A zauna kan kujeru a kewaye tebur guda, namiji kusa da mace. Kowa da farantinsa da wuƙarsa da cokalinsa da kofunansa. Abinci kuwa kashi-kashi yake zuwa: romo da kifi da fari, sa'an nan nama iri-iri, sa'an nan kayan zaƙi, daga ƙarshe ƴaƴan itace. Ana ci ana hira, yin shiru ma shi ne rashin ladabi. In an gama sai mata su tashi su koma ɗakin hira, maza su zauna kan giya, daga baya su iske su a sha shayi ko gahawa.

A ƙasar da Dorugu ya fito kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai a juye yake. Maza daban suke ci, mata daban, yara daban. A ƙasa ake zama, a kewaye akushi ko ƙwarya guda, a wanke hannu, a ci da hannun dama, kowa ya tsaya a gabansa. Tuwo da miya tare suke zuwa, fura kuwa da ludayi ɗaya ake zagayawa da ita. Yawan magana a kan abinci abin zargi ne. Akwai waɗanda kunya ta hana a ci a gabansu, kamar surukai, manyan sarakuna kuma ba a ganin cinsu. Babban bambancin ma yana wajen karɓar baƙo. Bahaushe in zai girmama baƙonsa, aika masa da abinci yake yi har masaukinsa, a ajiye a ba shi wuri ya ci a sake. Barth kansa haka aka yi ta yi masa daga gari zuwa gari. Baturen Ingila kuwa in zai girmama baƙo, sai ya zaunar da shi a gabansa da gaban iyalinsa, ya ci ana kallonsa ana yi masa tambayoyi. Abin da yake karamci a wancan gefe ya yi kusa da tozarci a wannan. Saboda haka Dorugu ya lura da tsarin cin fiye da ɗanɗanon abin da ake ci, ya gane cewa a tebur ne ake ganin darajar mutane da dangantakar maza da mata a wannan al'umma.

Akwai kuma bambanci tsakanin inda masu kallon biyu suka tsaya. Barth a kasuwa ya ga abincin Tasawa, watau abincin titi, wanda kowane mai wucewa yake iya gani. Bai shiga cikin gida inda mata suke daka da tuƙi ba, domin baƙo namiji iyakarsa zaure. Dorugu kuwa daga cikin gida ya ga abincin Ingila, da yake yaron gida ne, ana shiga da fita a gabansa ba a damu da shi ba. Ta wannan fuska ya ga abin da ubangidansa bai samu gani ba a ƙasar Hausa. Amma fa gidajen da ya shiga na malamai ne da masu abin hannu. Teburin da ya bayyana ba shi ne na talakan Landan ba. Shekara guda kafin zuwansa, a 1854, cutar amai da gudawa ta kashe ɗaruruwan mutane a unguwar Soho saboda gurɓataccen ruwan famfo, yunwar da ta halaka kimanin mutum miliyan 1 a Ailan daga 1845 kuwa ba ta daɗe da wucewa ba.

5. Harshen da ya ba da labarin da shi

Ga mai nazarin harshe, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: da waɗanne kalmomi Bahaushen 1856 zai bayyana abin da al'ummarsa ba ta taɓa gani ba? Idan aka ɗauki kalmomin abinci da kayan ci na Hausar yau, za a ga sun kasu kashi uku bisa tarihinsu.

Kashi na farko na asali ne: tuwo, miya, fura, kunu, nama, nono, gero, dawa, ƙwarya, akushi, ludayi. Kashi na biyu ya shigo ta hanyar Sahara tun kafin zuwan Turawa, ta bakin fatake da malamai. Daga Larabci aka samo alkama da albasa da sukari da gahawa da gurasa da tasa da finjali, daga harshen Buzaye kuma aka samo cokali. Kashi na uku shi ne na zamanin mulkin mallaka, kuma a nan ne Hausa ta rabu biyu bisa iyakar da Faransa da Ingila suka shata. Ganyen da ake kira kabeji a Kano, shu ake ce masa a Maraɗi. Karas a can, karoti a nan, kamar yadda ake da likita da lokotoro. Tebur da kofi da burodi da biskit duk ƴan wannan kashi ne.

Dorugu ya yi magana ne kusan rabin ƙarni kafin kashi na uku ya shigo. Kashi biyun farko kaɗai ke hannunsa. Wanda yake cikin wannan hali hanya uku gare shi: ko ya faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma ta ɗauki sabon abu, ko ya siffanta abin ta hanyar kwatanta shi da wanda aka sani, ko kuwa ya ɗauko kalmar masu abin ya lanƙwasa ta. Hanya ta farko da ta biyu su ne daga baya suka haifar da jirgin ƙasa da jirgin sama daga jirgi, wanda asalinsa na ruwa ne, da cokali mai yatsu, da dankalin Turawa. Labarin Dorugu yana cikin wurare na farko da aka ga Hausa tana wannan aiki a kan kayan Turai, a bakin mutum guda, ba hukumar fassara, ba makaranta, ba jarida. Duk inda kalmar Ingilishi ta shiga maganarsa kuwa, aron mutum ɗaya ne wanda yake zaune cikin masu harshen, bai kamata a lissafa ta cikin kalmomin aro na Hausar wancan zamani ba.

Bugu da ƙari, wannan magana ta saurayi ɗan ƙasar Kance ita ce babban tushen ayyukan Schön: fassarar wasu littattafan Baibul daga 1857, da littafin nahawu na 1862, da ƙamus na 1876. Saboda waɗannan ayyuka ne Cibiyar Faransa ta ba Schön lambar Volney a 1877. Watau ke nan Hausar da Turai ta fara karantawa a tsanake ba ta birnin Kano ba ce, wadda daga baya aka ɗora daidaitacciyar Hausa a kanta. Daga arewa ta fito, daga ƙasar da take cikin Nijar a yau.

6. Hattara wajen karatu

Duk da wannan daraja, ba a ɗaukar rubutun a matsayin hoton maganar Dambanas kai tsaye, saboda dalilai huɗu.

Na farko, Dorugu ya bar gida yana yaro. Tsakanin kama shi da lokacin da ya ba da labarin ya yi shekaru cikin Barebari da Larabawa, da kuma Bature mai Hausar koyo, ya ratsa Katsina da Sakkwato da Kano, kowace da karin harshenta. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, harshe ma haka yake.

Na biyu, ba shi ya riƙe alƙalami ba. Schön ya yi amfani da haruffan da Richard Lepsius ya tsara a 1855, waɗanda ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta karɓa, amma kunnensa bai rarrabe ɓ da b, ko ɗ da d, ko ƙ da k ba, bai kuma gane aikin tsawon wasali da karin sauti ba. A irin wannan rubutu baki na cin abinci da baƙi na launi da baƙi jam'in baƙo duk siffarsu ɗaya. Gaskiya ne rubutun yau da kullum na yanzu ma ba ya nuna tsawo da kari, shi ya sa ake rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya, haka fara ta gona da fara aiki da fara ta launi. Amma mai rubutun yau ya san bambancin, ya bar wa mai karatu ne ya cika. Schön bai san akwai shi ba, saboda haka wasalin da ya rubuta ba kullum ne za a dogara da shi ba.

Na uku, wanda ake ba labarin shi ne mai ciyar da mai ba da labarin, kuma malamin addini ne mai burin fassara littafinsa. A hannunsa aka yi wa Dorugu baftisma aka sa masa suna James Henry. Yaron da yake ci a gidan mutum ba zai faɗi duk abin da ya gani na aibin mutanen gidan ba. Yabon da ke cikin labarin da shirun da ke cikinsa duka sai an auna su da wannan ma'auni.

Na huɗu, rubutun ya bi ta hannuwa da yawa. Kusan shekara talatin ke tsakanin faɗa da bugawa, sa'an nan C. H. Robinson ya sake gyara littafin ya buga a 1906. Fassarar Ingilishi da A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar a 1971 ta farfaɗo da sunan Dorugu a wurin masana tarihi, amma mai nazarin harshe dole ya koma ga bugun 1885.

7. Ƙarshen rayuwarsa da waɗanda suka biyo baya

Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya zauna Ingila har 1864. Bayan komowarsa ya yi aikin tafinta ga Turawa shekaru masu yawa, a ƙarshe ya zama ɗaya daga cikin malaman makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A can ya rasu a 1912, shekarar da Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa da boko. Mutumin da aka fara rubuta doguwar Hausar boko daga bakinsa ya rayu har ya koya wa ƴaƴan Hausawa karanta ta.

Sai bayan shekara 66 da saukarsa Landan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci Ingila, a 1921. Abubakar Imam kuwa a 1943 ya je, cikin tawagar ƴan jaridar Afirka ta Yamma, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Waɗannan sun je ne a matsayin baƙin gwamnatin da take mulkin ƙasarsu, sun kuma riga sun san Bature a matsayin mai iko. Dorugu ya ga Turai lokacin da Bature a ƙasar Hausa baƙo ne kawai mai neman izinin sarki kafin ya wuce, mai biyan gaisuwa a kowace fada. Wannan ne ya sa kallonsa ya bambanta da nasu, kuma ba za a sake samun irinsa ba.

8. Kammalawa

An nuna cewa tafiyar Dorugu ta 1855 zuwa 1856 kishiyar tafiyar Barth ce: ɗaya ya zo ya rubuta kasuwar Tasawa domin mutanen Turai, ɗaya ya je ya bayyana teburin Landan da harshen mutanen Kance. An kuma nuna cewa labarin taska ce ta Hausar da ba ta riga ta haɗu da Faransanci da Ingilishi ba, ko da yake sai an tace ta.

Aiki biyu ya rage. Na farko shi ne a ɗauki bugun 1885 a mayar da shi cikin ƙa'idojin rubutun da aka tsayar a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, a ajiye rubutun Schön a shafi ɗaya, sabon a shafin da ke fuskantarsa, domin a san inda aka gyara da dalilin gyaran. Na biyu shi ne a ɗauki jerin kalmominsa da siffofin nahawunsa, musamman wakilan suna da jam'i da sunayen abinci da kayan gida, a bi garuruwan da ke tsakanin Tasawa da Kance, irin su Bawdeta da Korgom, har zuwa Matamai, a karanta wa tsofaffi maza da mata, a ji wanne suka sani, wanne ya ɓace, wanne kuma ba a taɓa faɗarsa a nan ba. Ta haka ne za a rarrabe abin da yake na Dambanas da abin da ya tsinta a hanya da abin da kunnen Schön ya ƙara. Idan an kammala wannan, ya cancanci a sa labarin cikin littattafan karatu na makarantun da ake koyar da Hausa, yaran yankin su karanta abin da ɗan ƙasarsu ya gani a Landan a 1855.